Bugun da Ke Cikin Bangon Kicin

Shekara talatin da huɗu Mama ta yi a hawa na biyu na benen nan, kuma ko ɗigon ruwa bai taɓa sauka daga gidanta zuwa kan na ƙasa ba. Ba abin mamaki ba ne, don mijinta mai gyaran famfo ne, irin wanda in ya je gaisuwa gidan mutane sai ya leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wankensu kafin ya tambayi lafiyar yara. Wata bakwai da rasuwarsa, sai ga malamin makarantar da ke zaune a ƙasanta ya hawo da safe, yana ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin, ya ce don Allah ta sauko ta ga silin ɗinsa.

Ta bi shi a hankali, gwiwoyinta na ƙorafi a kowane mataki. Tabo ne ruwan ƙasa-ƙasa, faɗinsa bai wuce faranti ba, daidai saman kantar littattafansa. Mama ta ɗaga kai ta auna wurin da ido. Kicin ɗinta ne a saman nan, gefen da injin wanki yake.

"Ni ba ƙara na kawo ba, Mama," in ji malamin. "Mai gidan ne ya zo duba mita, idonsa ya kai."

Kafin azahar mai gidan ya kira Auta, ƙaramar 'yar Mama, wadda ke aikin nas a can ɗaya gefen gari. Maganarsa gajeriya ce: darajar marigayi ce ta sa bai ce komai ba da aka bar tsohuwa ita kaɗai a sama, amma ba zai zuba ido bene ya ruɓe masa ba. In tabon nan ya ƙaru, sai dai a nema mata wani wuri. Auta kuwa abin nema ya samu. Tun sati biyu da rasuwa ta gyara wa uwarta ɗaki a gidanta, har da sabon labule, kuma tun daga lokacin duk abin da Mama ta manta, ko da cokali ne a cikin kofi, sai Auta ta bi ta da irin kallon da take yi wa marasa lafiya.

"Wataƙila kin bar famfo a buɗe kin manta," ta ce da ta zo da yamma, tana zagaya kicin ɗin da takalmin asibiti.

"Ni? A gidan nan?" Mama ta ce. "Je ki jawo jaridun babanku ki gani."

Dokokin marigayi a kan ruwa ba su da yawa, amma ba a ɗaga masa ko ɗaya. Ana gama wanki a rufe famfon da ke ba inji ruwa. Ba a barin inji yana aiki a fita, ko da zuwa shagon bakin titi ne. Sannan akwai jarida: shafi ɗaya a ƙarƙashin firji, ɗaya a ƙarƙashin tukunyar ruwan zafi ta banɗaki, ɗaya a ƙarƙashin injin wanki. Kullum da safe sai ya jawo su ya shafa, ya ce ido yana iya kuskure, amma takarda ko ɗigo ɗaya ta sha sai ta tona. Mama ta yi shekaru tana yi masa tsiya cewa shi kaɗai ne a duniya yake saya wa firji jarida. Da ya tafi, ba ta tsallake ko kwana ɗaya ba.

Auta ta durƙusa ta jawo su ɗaya bayan ɗaya. Duka ukun a bushe suke ƙayau. Ta mayar da su, ta karkaɗe hannu, ta tafi ba tare da ta gamsu ba.

Mama ba ta yi ƙarya ba, amma akwai abin da ta rufe a cikinta.

A ƙasan matattakala, kusa da ƙofar shigowa, akwai wani bututun ƙarfe da ya fito fili kafin ya shige bango ya hau sama, kuma ta cikin bangon kicin ɗin Mama ya bi. Marigayi bai taɓa yawo da makulli ba, ya ce aljihunsa na kayan aiki ne. In ya dawo sai ya tsaya a nan ƙasa ya buga bututun da sifana: bugu biyu, ɗan shiru, sannan ɗaya. Ƙarar ta hawo ta fito a kicin, yara su yi rige-rigen buɗe ƙofa kafin ya gama hawa. Da yaran suka watse, ya ci gaba da bugawa, ita kuma ta ci gaba da buɗewa.

Wata biyu da suka wuce, wata Talata da hantsi, tana yanka albasa injin na wanke zannuwan gado, sai ta ji shi a cikin bango. Biyu, shiru, ɗaya. Ta ajiye wuƙar, ta goge hannu a zani, ta je ta zare sakata. Sai da ta ga matattakalar fayau, rana na kwance a kan matakan ba kowa, sannan ta tuna. Ta daɗe a tsaye riƙe da ƙofar, tsigar jikinta a tashe, ta kasa shiga ta kasa fita.

Mama ba yarinya ba ce, ta san wanda ya tafi ba ya dawowa, ta kuma yi istigfari a kan abin da ya ɗarsu a ranta. Ban da haka ma, matar mai gyaran famfo ce. Ta sha jin yana yi wa mutane bayani cewa in injin wanki ya gama shan ruwa ya datse shi farat ɗaya, ruwan yakan koma baya da ƙarfi, in bututu ya yi sako-sako a cikin bango sai ya dinga dukan siminti. Ta kuma san ƙarshen bayanin: a bar shi yana duka, wata rana mahaɗinsa zai saki, ruwa ya fara tsatsafowa inda ido ba ya gani. Abin da ya kamata shi ne ta ɗauki waya a ranar ta kira a gyara.

Ba ta kira ba. Washegari ta sake zuba wanki, ta ja kujera ta zauna kusa da bangon. Da injin ya gama shan ruwa, ya zo. Biyu, shiru, ɗaya. Wannan karon ba ta tashi ba, ta dai ce a hankali, "Sannu da zuwa," ta yi kukan da ta kasa yi a gaban masu gaisuwa.

To mutum ɗaya wanki nawa zai tara? Da kayan sawarta suka ƙare ta koma kan labule, daga nan ta sauko da zannuwan da ke ninke a saman durowa tun auren babbar 'yarta. Da su ma suka ƙare ta sake daga farko. Igiyar barandarta ba ta taɓa zama babu kaya ba, har matar da ke gidan sama ta tambaye ta cikin raha ko ta buɗe sana'ar wanki da guga ne ba ta gaya wa maƙwabta ba. Wata rana sau uku take kunna injin. Kewar marigayi ce take cinta, kuma wannan ne kaɗai abin da ya rage a gidan da ke yin motsi irin nasa.

Shi ya sa da ta ga tabon a silin ɗin malami ba ta nemi bayani ba. A ranta ta ce ita ce ta kwance bututun da hannunta, wanki bayan wanki. In aka gyara, bugun zai tafi. In ba a gyara ba, za a raba ta da gidan, da bangon, da komai. Ta kwana uku tana juya abin, ta ce wa kanta za ta rage, sau ɗaya kawai a rana, wanki ɗaya ai ba zai rushe bene ba.

Kafin sati ya zagayo tabon ya kai faɗin tire, ya yi baƙi a tsakiya. Malamin ya kwashe littattafansa ya jera a ƙasa, ya sa bokiti a inda kantar take. Mai gidan ya ce ya ba da kwana bakwai. Auta kuwa ta zo ba sanarwa, ta tarar da labulen falo a jiƙe a kan igiya.

"Mama, ba shekaranjiya na ga labulen nan a shanye ba?"

"Ya yi ƙura."

"A kwana biyu?"

Mama ta yi kunnen uwar shegu da ita, ta shiga gyara kofuna a kan tire. Ta ji Auta ta fita baranda tana magana a waya ƙasa-ƙasa da yayarta, ta tsinci kalma biyu, "maimaitawa" da "likita".

A ranar ta yanke shawara. Ta rufe famfon injin ta ƙara murɗawa har yatsunta suka yi ciwo, ta zare wayarsa daga soket, ta lulluɓe shi da tsohon zani. Ta yi kwana biyu a gidan da ba a jin komai sai gurnanin firji.

A rana ta uku, wajen la'asar, tana zaune a falo tana ɗinke maɓalli, sai bangon kicin ya amsa. Biyu, shiru, ɗaya. Allurar ta tsaya a hannunta. Ta ce wa kanta wani ne ya rufe famfo a gidan sama. Sai ya sake, ya kuma sake, a jere, da gaggawa, irin yadda marigayi yake yi in ruwan sama ya kama shi a waje ita kuma ta yi nawa wajen buɗewa. Ta lallaɓa ta leƙa kicin ɗin. Injin na nan a lulluɓe, wayarsa na reto a gefe. Rana ta shigo ta taga ta haske bangon tas, ba tsaga, ba danshi, ba komai. Karo na farko tun da abin ya fara, tsoro ne zalla ya kama ta, babu daɗi ko kaɗan a cikinsa. Ta ɗauki waya ta kira Dogo.

Dogo a hannun marigayi ya koyi aiki, shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar masa jaka, yanzu shi ma furfura ta fara cin gemunsa. Ya zo da sassafe, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta gaya masa akwai bututun da ke dukan bango, a nan, ta nuna wurin da tafin hannu. Ba ta gaya masa irin bugun ba.

"Aikin Oga ne fa a cikin bangon nan, Mama," ya ce yana sosa ƙeya. "Ina wurin aka yi shi."

"Fasa ka gani."

Ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya ɗauko guduma. Kowane sara sai ta ji shi a ƙirjinta. Ana cikin haka Auta ta shigo, ta dawo daga aiki ko gida ba ta je ba, ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon ƙurar siminti na sauka a kan tukwane.

Da ramin ya kai girman littafi, Dogo ya haska fitila. Ya ƙara faɗaɗa shi, ya zura hannu ya kama bututun ya jijjiga da duk ƙarfinsa. Ko gezau. Maƙalan ƙarfe uku ne suka riƙe shi, kowanne da guntun roba a tsakaninsa da bututun, simintin da ke kewaye kuma a bushe yake kamar yau aka gama shafe.

"Na gaya miki," ya ce, har da ɗan alfahari a muryarsa. "Wannan ko mota aka ɗaura masa ba zai motsa ba. Ba shi ke yoyo ba, ba kuma shi ke ƙara ba."

"To ruwan daga ina?" Auta ta tambaya.

Dogo ya yaye zanin da ke kan injin, ya rungume shi ya jawo shi tsakiyar kicin. Wani wari na ruɓaɓɓen danshi ya taso. Jaridar Mama na nan a gaba, a bushe, a shimfiɗe tsaf iya inda hannunta ke kaiwa in ta sunkuya. Daga bayanta kuwa tayil ya yi kore. Tiyon da ke kawo wa injin ruwa ya kumbura kusa da wuyansa kamar ya haɗiye ƙwai, duk ya tsattsage, ruwa na bin jikinsa yana gangarawa cikin ɗan ramin da bututun kwata ya ratsa ƙasa. A jikin bango, can ƙasa inda injin ya rufe, akwai rubutu da fensir, hannun marigayi: ranakun da ya canja tiyo, duk bayan shekara biyar. Na ƙarshen ya wuce lokacinsa da wata biyar.

"Oga ba a gaba yake sa takardar ba," Dogo ya ce a hankali. "Jawo injin yake yi ya sa ta a baya, nan ne tiyo yake. Ke kuma ina kika ga ƙarfin jan wannan." Ya latsa kumburin da babban yatsa, ruwa ya yi tsartuwa. "Famfon ma ba ya rufuwa duka, robarsa ta cinye. Da an ƙara kwana biyu, wallahi da rana tsaka zai fashe, sai dai malami ya nemi kwale-kwale."

Ba wanda ya yi dariya. Ya canja tiyon da mai saƙar ƙarfe a jiki, ya canja famfon, ya toshe ramin kwatar, ya rubuta ranar a ƙarƙashin rubutun maigidansa. Sannan ya kunna injin don gwaji. Su uku suka tsaya suna jin ruwa na shiga. Injin ya sha ya ƙoshi, ya datse. Mama ta riƙe numfashi tana kallon bututun da ke tsirara a cikin ramin. Babu abin da ya motsa.

Da Dogo ya sauka gaya wa malami an gano matsalar, Auta ta jawo kujera ta zauna a gaban uwarta, ta kama hannuwanta biyu.

"Mama, wace irin ƙara kike ji?"

Da ta yi shiru, da wataƙila ta tsira. Amma ta gaji da riƙe abin ita kaɗai, kuma wannan 'yar ce ta fi kowa gudu zuwa ƙofa a da. Ta miƙa yatsa ta buga a kan tebur. Biyu, shiru, ɗaya.

Idon Auta ya ciko. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta dai shafa bayan hannun uwarta ta ce, "Shi ke nan, Mama. Ba komai," da muryar da take lallashin waɗanda za a yi wa allura.

Tabon ya bushe cikin sati biyu, malami ya mayar da littattafansa, mai gidan ma ya aiko cewa magana ta wuce, Mama ta yi zamanta. Sai dai maganar ta riga ta bar hannunsa. 'Ya'yan sun haɗu sun gama shawara: matar da ke wanke labule ɗaya sau uku a sati, ta sa a fasa lafiyayyen bango saboda tana jin mijinta a ciki, ba a barinta ita kaɗai a hawa na biyu. Mama ta yi rantsuwa, ta yi fushi, ta ƙi cin abinci wuni guda. Bangon kuwa tun ranar da Dogo ya shafe ramin bai sake cewa uffan ba, har ita kanta ta fara tunanin ko gaskiyarsu ce.

Ranar tashi, da hantsi, masu ɗaukar kaya suka gama sauke manyan kayan. An ba Dogo injin wankin, shi ya zo ya kwance shi, ya kuma rufe babban famfon gidan gaba ɗaya kafin ya tafi. Ɗakunan suka yi girma, murya na amsa kuwwa a cikinsu. Mama na zaune a kan akwati a bakin kicin, mayafinta a kafaɗa. Auta na tsaye ta ba ta baya, tana naɗe kofunan da suka rage a cikin takarda.

Ya zo daga cikin sabon shafen, a sarari, ba gaggawa. Biyu. Shiru. Ɗaya.

Mama ba ta motsa ba. Ta koyi darasi, ta kafa ido a kan yatsun ƙafarta, ta daidaita fuskarta kamar ba a yi komai ba. Ƙarar takarda ce ta lura ta tsaya. Ta ɗaga kai a hankali. Auta ta sandare, kofi a hannu ɗaya, gashin bayan wuyanta a miƙe, ƙafarta ta dama ta riga ta juya wajen ƙofar falo.

"Ni ban ji komai ba," in ji Auta, ba ta waiwayo ba.

"Ai ban tambaye ki ba."

Auta ta jefa kofin cikin kwali ba ta ƙarasa naɗe shi ba, ta suri jakarta, ta kama hannun uwarta da tafi mai sanyi kamar ƙanƙara.

"Tashi mu tafi, Mama. Yanzu. Sauran kayan a aiko da su."

"Kin ji shi, Auta. Kin san lafiyata ƙalau."

"Don Allah ki tashi."

Sau biyu makullin yana kuɓuce wa Auta kafin ta iya kulle ƙofar. Suka fara sauka, mataki ɗaya bayan ɗaya, 'yar na jan uwar fiye da yadda gwiwoyinta za su iya. A tsakiyar matattakalar Mama ta riƙe ƙarfen gefe ta tsaya cak, ta waiwaya ta kalli ƙofar da aka rufe. Ba tsoro a fuskarta, tausayi ne ya cika ta.

"Gobe zai dawo ya yi ta bugawa," ta ce, "ba kuma wanda ya gaya masa inda muka koma."